Zaɓen Cike Gurbi a Mazaɓar Karkara: Nazari a Kan Sabuwa ta Jihar Katsina

1.0 Gabatarwa

Galibin masu nazarin siyasar Nijeriya sun fi mai da hankali ga babban zaɓe, watau wanda ake yi shekara huɗu-huɗu, inda ake zaɓen Shugaban Ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisu gaba ɗaya. Amma akwai wani zaɓe da ke faɗowa a tsakanin waɗannan lokuta, wanda ba a cika buga masa ganga ba, shi ne zaɓen cike gurbi. A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda wannan zaɓe yake a dokance da kuma yadda yake gudana a aikace, musamman idan ya faɗo a mazaɓar karkara. Misalin da muka ɗauka shi ne zaɓen cike gurbin kujerar Sabuwa a Majalisar Dokokin Jihar Katsina, wanda aka yi ran 30 ga Nuwamba, 2019. Za mu kuma leƙa zaɓen da kotu ta sa aka sake a mazaɓar tarayya ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa cikin 2024, domin shi ma yana da abin da zai koya mana.

Abin da muke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Doka ta yi tanadi mai kyau game da kujerar da ta rasa mai zama, amma tanadinta game da mai jefa ƙuri'ar da ya rasa rumfarsa bai kai haka ba. A mazaɓa irin Sabuwa kuwa, ingancin zaɓe ya rataya ne a kan ko akwati ya isa ga mutanen ƙauye.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da jama'a kan cakuɗa su a bakin magana.

Na farko shi ne zaɓen cike gurbi. Ana yin sa ne idan kujera ta zama ba kowa bayan an rantsar da mai ita, ko dai saboda rasuwa, ko murabus, ko karɓar wani muƙami, ko kuwa kiranye daga mutanen mazaɓa. A nan komai sabo ne: jam'iyyu za su sake yin zaɓen fid da gwani, su tsayar da sababbin 'yan takara, a kuma jefa ƙuri'a a dukkan rumfunan mazaɓar.

Na biyu shi ne sake zaɓe bisa umurnin kotu. Wannan yana biyo bayan ƙarar da wani ɗan takara ya shigar, kotu ta soke sakamakon mazaɓar duka ko na waɗansu rumfuna. A nan ba a kawo sababbin 'yan takara, waɗanda suka kara da farko su ne za su sake karawa.

Na uku shi ne ƙarashen zaɓe. Idan aka soke ƙuri'un waɗansu rumfuna ko aka kasa yin zaɓe a cikinsu, sa'an nan aka ga yawan masu zaɓen waɗannan rumfuna ya fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta ce zaɓe bai kammalu ba, ta sa ranar ƙarasawa.

Ke nan zaɓen Sabuwa na 2019 yana cikin kashi na farko, na 2024 kuwa yana cikin kashi na biyu.

3.0 Tanadin Doka

Tsarin Mulkin 1999 ya ce Majalisar Dokokin Jiha kada ta gaza wakilai 24, kada kuma ta wuce 40. Ta Jihar Katsina tana da wakilai 34, daidai da yawan ƙananan hukumomin jihar, saboda haka kowace ƙaramar hukuma mazaɓa ce guda. Wannan ya sa idan ɗan majalisar Sabuwa ya kau, ƙaramar hukuma sukutum ce ta rasa baki a majalisa.

Sashe na 109 ya jera dalilan da ke sa ɗan majalisa ya rasa kujerarsa, sashe na 110 ya yi bayanin kiranye, sashe na 116 kuwa ya ɗora wa INEC alhakin sa ranar zaɓe, ya kuma ƙayyade cewa a cike gurbi cikin wata guda da aukuwarsa, in dai ba majalisar ta kusa cika wa'adinta ba. A aikace, Kakakin Majalisa ne kan rubuta wa hukumar takarda ya sanar da ita cewa kujera ta zama ba kowa, daga nan ne hukumar kan fara lissafi. Don haka idan Kakaki ya yi jinkiri, mazaɓa ce ke biyan kuɗin jinkirin. Dokar Zaɓe ta 2010, da wadda ta gaje ta cikin 2022, duk sun ce sanarwar zaɓen cike gurbi ta fito aƙalla kwana 14 kafin ranar zaɓen. Mu riƙe wannan adadi, domin za mu dawo kansa.

Wanda zai tsaya takara dole ya zama ɗan Nijeriya, mai ilmin da ya kai na sakandare, wanda kuma wata jam'iyya ta tsayar. A da sai ya cika shekara 30, amma gyaran 2018 ya mai da shi 25. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da ratar guda ɗaya ce, ba a neman ya sami wani kaso a gundumomi kamar yadda ake nema ga gwamna a ƙananan hukumomi. Wanda ya ci kuma ba sabon wa'adi zai fara ba, ragowar wa'adin wanda ya gada zai ƙarasa. Mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa kwana 60, kuma a kanta shari'ar kujerar majalisa ke tsayawa.

4.0 Nauyin Kujera Guda

Mai yiwuwa wani ya tambaya, shin me kujera ɗaya cikin 34 za ta tsinana har a ɗebo ma'aikata da jami'an tsaro domin ta? Amsar tana cikin aikin majalisar. Ita ce ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ce ke tantance kwamishinoni, ita ce ke yin dokokin da suka shafi ƙananan hukumomi, tana kuma da ikon bincikar yadda aka kashe kuɗin jama'a. Har wa yau, ba a gyara Tsarin Mulkin ƙasa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Tsige gwamna kuwa sai da kashi biyu cikin uku na wakilai, watau mutum 23 a majalisa mai 34.

Mutanen wannan yanki sun ga ƙarfin majalisa da idonsu. A Jamhuriya ta Biyu ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai ran 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Zaɓen 1979 ya ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya ba NPN rinjaye a majalisa. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga bisani ta tsige shi cikin Yuni, 1981. Wannan ya isa ya nuna cewa lissafin kujeru ba wasan yara ba ne.

Ga talakan ƙauye kuwa, nauyin kujerar ya fi haka kusa da jiki. Ɗan majalisar jiha shi ne zaɓaɓɓen da ke zuwa Katsina wanda manomi zai iya sallama da shi a ƙofar gida. Shi ake kai wa kukan gadar da ta karye, da asibitin da ba magani, da takin da bai iso ba, da kuma harin da aka kai daren jiya. Idan kujerar ta zauna wata da watanni ba kowa, musamman a ƙarshen shekara lokacin da ake duba kasafin kuɗi, to an yi rabo ba mai miƙa hannu a madadin mazaɓar.

5.0 Mazaɓar Sabuwa

Sabuwa tana kudu maso yammacin Jihar Katsina, cikin shiyyar Funtuwa. Tana maƙwabtaka da Faskari da Ɗandume a cikin jiha, da kuma ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 130,000. Tana da gundumomin zaɓe goma, cikinsu har da Damari, Machika, Maibakko, Sayau, Gazari da Dungun Mu'azu. Ƙasa ce mai albarkar noma, ruwan samanta ya fi na arewacin jihar, ana noman masara da dawa da shinkafa da waken suya da rake, kuma amfanin gonarta na daga cikin abin da ke cika kasuwar hatsi ta Ɗandume. A Majalisar Wakilai ta Tarayya an haɗa ta da Faskari da Ƙanƙara a kujera guda.

Albarkar dajin da ke kewaye da ita, shi ne kuma ya zame mata ƙaya. Dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna sun zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Sabuwa tana cikin ƙananan hukumomi takwas da aka riƙa kira na bakin daga, sauran su ne Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Ɗandume.

6.0 Zaɓen 30 ga Nuwamba, 2019

A babban zaɓen 2019 mutanen Sabuwa sun zaɓi Alhaji Mustapha Abdullahi ya wakilce su. Bai daɗe da shan rantsuwa ba Allah ya yi masa rasuwa cikin shekarar. INEC ta sa ranar Asabar, 30 ga Nuwamba, domin cike gurbin, ranar da ta kuma ƙarasa zaɓen sanatan Kogi ta Yamma. Idon jaridun ƙasa ya koma Kogi, Sabuwa ba ta sami ko rabin wannan kulawa ba. Jam'iyyar APC ta tsayar da Ibrahim Ɗanjuma Machika, shi ne kuma ya ci, PDP ta zo ta biyu.

Abin lura a nan shi ne lokacin da zaɓen ya faɗo. Cikin Satumba na wannan shekara Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daga yana zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga, aka sami ɗan sararawa na waɗansu watanni. A cikin wannan sarari ne aka yi zaɓen Sabuwa. Zuwa tsakiyar 2020 Gwamnan da kansa ya bayyana cewa sulhun ya wargaje, kuma a watan Yuni na shekarar aka kai mummunan hari ƙauyen Kadisau ta Faskari. Da gurbin ya auku bayan wata bakwai ko takwas, da aikin kai akwati ƙauyukan Sabuwa ya zama wani abu dabam.

Zaɓen cike gurbin Bakori ya ƙara haskaka wannan batu. An sa shi ran 31 ga Oktoba, 2020, aka ɗage saboda tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, aka yi shi ran 5 ga Disamba, Dokta Ibrahim Aminu Kurami na APC ya ci. Kwana shida bayan haka, ran 11 ga Disamba, aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Watau a shiyya ɗaya, cikin mako ɗaya, hukuma ta iya tsare akwatin zaɓe, ta kasa tsare ɗakin kwanan ɗalibai.

7.0 Siffofin Zaɓen Cike Gurbi a Karkara

7.1 Taruwar ƙarfi wuri guda. A babban zaɓe kowane ɗan siyasa yana fama da mazaɓarsa, jami'an tsaro kuma sun rarrabu a ko'ina. A zaɓen cike gurbi kuwa, jiha duka kan kwararo wuri guda: kwamishinoni, 'yan majalisa, shugabannin jam'iyya, kowa a ba shi gunduma ko rumfa ya tsare. Jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati ita ta fi samun riba a wannan yanayi. A Jihar Katsina zaɓen cike gurbin Mashi da Dutsi na 2017, da na sanatan Katsina ta Arewa na Agusta, 2018, da na Kankiya da Kusada da Ingawa na Nuwamba, 2018, da na Sabuwa, da na Bakori, duk APC mai mulki ce ta cinye su. Wannan shi kaɗai ba hujjar maguɗi ba ce. Sau da yawa manomi kan yi lissafin cewa ragowar wa'adi gajere ne, wanda ke da kunnen gwamna shi ya fi kusa da kawo rijiya ko taki.

7.2 Ƙarancin fitowa. Fitowar masu zaɓe a Nijeriya tana raguwa ko a babban zaɓe: kimanin kashi 35 cikin ɗari a 2019, kimanin 27 a 2023. A zaɓen cike gurbi abin kan fi muni, har an taɓa samun ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a waɗansu mazaɓun Legas cikin 2016 da 2017. A birni dalilin yakan zama ko-in-kula. A karkara kuwa dalilan sun fi kama da tilas. Ƙarshen Nuwamba tsakiyar kaka ce, mutum yana girbi yana sussuka yana tsoron kada dabbobi ko ɓarayi su riga shi. Bayan kaka kuma samari su tafi cin rani. Da damina hanyoyi su yanke. Ga mata kuma, waɗanda a Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, nisan rumfa da tsoron hanya sun fi hana su fita.

7.3 Zumunci da sanayya. A mazaɓar da kowa ya san uban kowa, manufar jam'iyya ba ta kai nauyin gidan da ɗan takara ya fito ba, da gundumar da ake ganin yanzu rabonta ne, da kuma abin da dattawa da malamai suka nuna. Idan rasuwa ce ta jawo gurbin, tausayi ma kan shiga lissafi. Wannan sanayya tana da amfani, domin ɗan takara ba ya iya ɓoye halinsa. Tana kuma da illa, domin inda masu zaɓe ba su da yawa, talauci kuma ya yi katutu, sayen ƙuri'a yakan yi araha.

7.4 Doguwar tafiyar akwati. Takardun ƙuri'a kan kwana a reshen Babban Bankin Ƙasa, a kai su ofishin INEC na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa cibiyar gunduma ran jajibere, da asuba kuma a rarraba su zuwa rumfuna tare da malaman zaɓe, waɗanda yawancinsu masu yi wa ƙasa hidima ne, baƙi a wurin. Inda mota ta tsaya sai babur. Kowane mataki a cikin wannan tafiya wuri ne da zaɓe ke iya makara ko ya fasu.

7.5 Gwajin na'ura. INEC ta saba gwada sababbin dabarunta a irin wannan zaɓe. Shafin da ake ɗora hoton takardar sakamako a intanet an fara amfani da shi ne a zaɓen cike gurbin Nasarawa ta Tsakiya cikin Agusta, 2020. Na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska kuwa an fara ta ne a mazaɓar Isoko ta Kudu ta Ɗaya a Jihar Delta cikin Satumba, 2021. Amma a wannan wata na Satumba ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, Sabuwa na ciki, aka kuma ɗauki watanni kafin a maido. Na'urar tana iya tantance mutum ba tare da layi ba, amma aika sakamako sai da layi.

8.0 Mai Zaɓen da Ya Rasa Rumfarsa

Yanzu mu koma ga kwana 14 da muka ce a riƙe. Katin zaɓe yana ɗaure ne da rumfa guda, ba a jefa ƙuri'a sai inda aka yi rajista. Dokar 2022 ta ce mai son ya mai da rajistarsa wani wuri ya nema aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. To, mutumin da hari ya kora daga ƙauyensa ya koma garin Sabuwa ko Ɗandume ko Funtuwa, idan aka ba da sanarwar mako biyu, ƙofar mai da rajista ta riga ta rufe tun kafin ya ji labari. Abin da ya rage masa biyu ne, ko ya koma kufai ya jefa ƙuri'a, ko ya haƙura.

Gaskiya ne dokar ta umurci hukuma ta yi iyakar ƙoƙarinta kada waɗanda masifa ta raba da gidajensu su rasa ƙuri'arsu, kuma tun 2015 INEC take da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira. Sai dai an gina tsarin ne a kan yanayin Borno da Yobe da Adamawa, inda akwai manyan sansanoni da ake iya ƙirga mutanen ciki. A kudancin Katsina kuwa galibin masu gudu gidajen dangi suke shiga, su watsu cikin gari ba rajista. Idan aka ɗauke rumfar ƙauye aka kai ta hedikwatar gunduma, waɗanda suka gudo sun sami sauƙi, waɗanda suka rage a ƙauye kuma sun yi nisa.

Kada a ɗauka rumfa goma ko ashirin ba su da tasiri. A zaɓen Fabrairu, 2023 an bayyana Jamilu Muhammad na PDP a matsayin wanda ya ci kujerar tarayya ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Shehu Dalhatu Tafoki na APC ya kai ƙara, kotu ta ba da umurnin a sake zaɓe a rumfuna 20. Aka sake ran 3 ga Fabrairu, 2024, sakamako ya juya, Tafoki ya karɓi kujerar. Ƙananan hukumomi uku ke nan, masu ɗaruruwan rumfuna, amma rumfuna 20 ne suka raba gardama. Idan haka ta faru a mazaɓar tarayya, to a mazaɓar jiha mai gunduma goma kacal, ƙauye ɗaya da akwati bai isa ba yana iya zama bambanci tsakanin wanda jama'a suka zaɓa da wanda aka rantsar.

9.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata muna ganin abubuwa huɗu za su taimaka. Na farko, a ƙayyade wa Kakakin Majalisa kwanakin da zai sanar da gurbi a cikinsu, domin kada wa'adin Tsarin Mulki ya zama a hannun mutum ɗaya. Na biyu, a buɗe wata gajeruwar ƙofa ta mai da rajista a cikin mazaɓa ɗaya ga waɗanda hari ya kora, tare da shaidar dagatai da masu unguwanni da wakilan jam'iyyu duka. Na uku, duk rumfar da za a ɗauke daga mazauninta a sanar da wuri, da Hausa da Fulatanci, ta rediyo da masallatai da kasuwanni. Na huɗu, tare da sakamako hukuma ta riƙa bayyana yawan rumfunan da aka buɗe a mazauninsu, da waɗanda aka ɗauke, da waɗanda ba a buɗe ba sam, domin masu nazari da masu ƙara su sami abin riƙewa.

10.0 Naɗewa

A wannan takarda mun rarrabe zaɓen cike gurbi da sauran takwarorinsa, mun kawo tanadin doka, mun kuma bi sawun abin da ya faru a Sabuwa cikin 2019 da maƙwabtanta daga baya. Mun ga cewa cike kujera abu ne mai sauƙi ga hukuma, domin ana yin sa cikin yini guda. Mai wuyar shi ne a tabbata cewa manomin Sayau da matar Maibakko da wanda ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa duk sun sami damar sa hannu a cikin zaɓen. Muna fata masu nazari za su bi sakamakon irin waɗannan zaɓuɓɓuka rumfa-rumfa, su kuma zauna da mutanen ƙauyukan su ji daga bakinsu, domin a nan ne za a gane wanda aka ƙirga da wanda aka bari a baya.